Kari ko harshe? Tsokaci a kan littafin Hans Wolff game da Abua

A shekarar 1969, bayan rasuwar Hans Wolff, aka buga littafinsa A Comparative Vocabulary of Abuan Dialects. Jerin kalmomi ne na kwatance daga Abua, Odual, Kugbo da Ogbia, harsunan yankin bakin kogin Kwara a kudancin Najeriya, waɗanda masana ke sanyawa a rukunin Delta ta Tsakiya, cikin dangin Binuwai-Kwango. Ta fuskar tattara kalmomi aikin ya ƙayatar. Sukarmu a kan take ne, wanda ya mai da su duka karorin Abua.

Abin mamaki, Wolff da kansa ne ya nuna, a maƙalarsa ta 1959, cewa fahimtar juna ba ta tsaya ga kamannin kalmomi ba. Mutanen Nembe sun ce suna jin Kalabari, su kuwa Kalabari, da ke da ƙarfin kasuwa, sun ce ba su jin Nembe. Ke nan jerin kalmomi bai isa ya yanke hukuncin wane ne uwa, wane ne reshe ba. A yau masana na lissafa Odual da Ogbia a matsayin harsuna masu zaman kansu, ƙamus ɗin Ian Gardner na 1980 kuma na Abua ne kaɗai.

Mun ɗauko wannan misali daga nesa ne domin muna da irinsa a gida. Mutumin Madarunfa yana cewa hwari da shina inda Bakano ke cewa fari da yana. Yana jin Kananci sarai, albarkacin rediyo da kasuwa. Bakano kuwa sau da yawa sai ya ce maganar tasa ta yi kauri. Babu mai musun cewa duka Hausa ce, kuma a nan lamarinmu ya bambanta da na Abua. Amma rinjaye iri ɗaya ne ke zaɓen abin da za a kira daidaitacce.

Tun da kundin 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, tambayar ta tashi daga ɗakin bincike ta shiga aji. Yaron da ya rubuta shina, kuskure ya yi? A ganinmu wajibi ne littafin malami ya rubuta siffofin biyu, ya faɗi yankin kowace, kafin a kai ga jan alƙalami.