Kalmar "Sawaba" da Masu Ita: Nazari kan Littafin Klaas van Walraven

A shekarar 2013 aka buga littafin Klaas van Walraven, masanin tarihi na Leiden a ƙasar Holan, mai suna The Yearning for Relief, wanda fassararsa ta Faransanci, Le désir de calme, ta fito a 2017. Littafin ya kusan shafi dubu, kuma ya bi diddigin jam'iyyar Sawaba tun daga tasowarta har zuwa rushewar yunƙurinta na ɗaukar makamai.

Jigon tarihin sananne ne. Jibo Bakari ya zama magajin garin Yamai a 1956, sannan ya zama mataimakin shugaban majalisar gwamnati a 1957. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958 ya yi kira da a ce "a'a" ga tsarin Janar de Gaulle. Ya sha kaye, Diori Hamani ya karɓi ragama, aka haramta jam'iyyar a 1959. Wasu samarinta sun sami horon soja a Gana, Aljeriya, Sin da Biyetnam ta Arewa, suka kutso ta kan iyaka a watan Oktoba 1964. A Dibisu, kusa da Birnin Ƙwanni, aka kashe Dandouna Aboubakar, ɗaya daga cikin jagororinsu, aka kai gawarsa Yamai aka baje ta a bainar jama'a.

Babban alherin littafin shi ne bai tsaya kan manya ba. Marubucin ya haɗa takardun ajiya na mulkin mallaka da hirar tsofaffin ƴan jam'iyya, ya nuna cewa ƙashin bayan Sawaba ƙananan ma'aikata ne da masu sana'a: direbobi, teloli, ƴan tireda, ma'aikatan gidan waya. Wannan hujja tana da ƙarfi musamman a ƙasar Ƙwanni, inda hanyar Yamai zuwa Maraɗi ta bi ta Malbaza, wata ta nufi Tawa ta ƙasar Adar inda Illela take, wata kuma ta gangara Sakkwato. Duk inda mota ta tsaya, labari ya sauka. Direba ya zama manzon siyasa ba tare da ya riƙe takarda ba.

Sai dai akwai giɓi, kuma daga sunan littafin ya fara. Turancin ya fassara "sawaba" da abin da ke nufin sauƙi bayan ƙunci, Faransancin kuwa da kwanciyar hankali. Kowanne ya kama gefe ɗaya ne. Asalin kalmar Larabci ne, inda take nufin abin da ke daidai. A bakin Bahaushe kuma tana shiga kasuwa: kayan da aka saya "da sawaba" su ne waɗanda ba su yi tsada ba. Saboda haka manomin da haraji ya dama, wanda ya tuna aikin tilas da ba a soke ba sai a 1946, idan ya ji wannan suna yana jin abu uku a lokaci guda: sassauci, araha da gaskiya. Ba banza ba NEPU ta Malam Aminu Kano, wadda aka kafa a 1950, ta rungumi kalmar, har Gambo ta Zariya ta shahara da ita. Iyakar da Turawa suka shata ba ta raba ƙamus ba.

Haka nan "talaka" ba ya daidai da "matalauci": shi ne wanda ba ya riƙe da sarauta, ko da yana da rumbu goma. Wanda bai ji wannan bambanci ba, zai ɗauki rikicin Sawaba da sarakuna a matsayin faɗan yunwa kawai, alhali faɗa ne kan iko.

Wannan ba ya rage darajar aikin. Amma muddin maganar waɗannan mutane tana iso mai karatu ta harshen waje kaɗai, rabin ma'anarta yana zubewa a hanya. Abin da ya rage wa masu binciken harshe shi ne tattara zantuka, kirari da waƙoƙin zamanin a Ƙwanni, Malbaza da Illela, a rubuta su da Hausar yankin yadda aka furta su, tun masu tunawa da su ba su ƙare ba.