Daga Minjirya zuwa Aradu: Tarken Fassarar Kalmar Torpedo cikin Hausa

1.0 Gabatarwa

Sashe na 55 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya tanadi cewa za a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya da Ingilishi, da kuma Hausa da Ibo da Yarbanci idan an kammala shirin da ya kamata. Tanadin ba sabo ba ne, domin yana cikin Tsarin Mulkin 1979. A ƙarƙashin inuwarsa ne aka yi ta aikin tattara keɓaɓɓun kalmomi, har hukumar NERDC, wadda mazauninta ke Sheda cikin Yankin Babban Birnin Tarayya, ta fitar da ƙamus na kalmomin majalisa cikin harsuna huɗu a 1991, wato shekarar da fadar gwamnati ta taso daga Legas zuwa Abuja. Duk da wannan ɗawainiya, da Ingilishi ake muhawara a zauren majalisar, kuma ta bakin mai fassara ne mutumin Daura ko Gumel yake jin abin da wakilinsa ya faɗa.

Irin waɗannan ƙamusoshi jeri ne na kalma da takwararta. Maƙalar nan ta ɗauki kalmar Ingilishi guda ɗaya, wato torpedo, domin ta gwada wannan tsari na "kalma ɗaya, fassara ɗaya". An zaɓe ta ne saboda tana rayuwa a fage uku: ilimin halittu, aikin soja, da kuma harshen siyasa. Manufa ita ce a nuna cewa mai fassarar da bai san tafiyar kalma ba yakan faɗi abin da ba a faɗa ba, alhali yana zaton ya riƙe amana.

2.0 Asalin Kalmar

Tushen kalmar shi ne aikatau na Latin torpere, mai ma'anar sagewa ko mutuwar gaɓa. Daga gare shi aka tsirar da suna torpedo, wanda da farko yake nufin halin sagewar kansa. Daga baya Rumawa suka laƙaba sunan ga wani kifi na Bahar Rum, mai faɗi kamar faifai, wanda yakan lafe cikin yashin ƙarƙashin teku, idan an taɓa shi kuma hannu ya sage nan take. Ke nan ba siffarsa aka duba wajen raɗa masa suna ba. Abin da yake yi wa jikin mutum aka duba.

Girkawa ma haka suka yi, suka kira shi narke, wato sagewa, kuma daga wannan tushe Ingilishi ya samo kalmar da yake kiran ƙwayoyi masu kashe jiki da ita. Yana da kyau a yi gargaɗi a nan cewa babu wata dangantaka tsakanin wannan kalma da aikatau na Hausa "narke". Haɗuwar sauti ce kurum. A littafin Aflatun mai suna Meno an kamanta Sukurat da wannan kifi, saboda tambayoyinsa sukan sa bakin abokin muhawara ya mutu. Haka kuma wani likitan Rum na ƙarni na ɗaya Miladiyya, Scribonius Largus, ya ba da shawarar a ɗora kifin da ransa a kan mai ciwon kai. Kalmar ta shiga Ingilishi cikin ƙarni na 16 da ma'anar kifin. Sai a 1772 John Walsh ya nuna ta hanyar gwaji cewa ƙarfin da kifin ke fitarwa lantarki ne, kuma lokacin da Volta ya ƙera batir ɗinsa a 1800 ya kwatanta shi da gaɓar da ke samar wa kifin wannan ƙarfi.

2.1 Daga Kifi zuwa Makami

A farkon ƙarni na 19 Ba'amurke Robert Fulton ya yi amfani da sunan kifin ga wata tukunyar albarushi da ake kaiwa ƙarƙashin jirgin abokan gaba, har ya wallafa littafi a kanta a 1810. A lokacin yaƙin basasar Amurka, alal misali a gumurzun mashigin Mobile na 1864, abin da ake kira torpedo nakiya ce da aka ɗaure cikin ruwa, tana jiran jirgi ya zo ya taka ta. Wannan ma'ana ta dace da halin kifin sarai: lafewa, jira, sannan bugu.

Sauyi ya zo a 1866, lokacin da Baturen Ingila Robert Whitehead ya ƙera makami mai tafiya da kansa da ƙarfin matsattsiyar iska, a garin Fiume wanda ake kira Rijeka a yau. Sannu a hankali sunan ya taƙaita ga wannan sabon makami, nakiyar da ke zaune wuri ɗaya kuwa ta koma amsa wani suna daban. Makamin bai bar Afirka ta Yamma ba a taɓa ba. Ranar 28 ga Maris 1915 jirgin ƙarƙashin teku na Jamus ya nutsar da Falaba, jirgin kamfanin Elder Dempster da ya taso daga Liverpool zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, mutum 104 suka halaka. A Nuwamba 1917 haka ta faru ga Apapa, wanda ya taso daga Legas.

2.2 Rassa Biyu

Daga makamin Whitehead ma'anar ta rabu gida biyu. Reshe na farko ya bi siffa: duk wani abu dogo mai tsinin kai yana iya amsa sunan, kamar wani nau'in sigari, da wani dogon burodi, da wani fasalin jikin mota na farkon ƙarni na 20. Abin lura shi ne wannan siffa ta makamin ce, ba ta kifin ba, domin shi kifin shimfiɗaɗɗe ne. Reshe na biyu ya bi aiki: bututun nakiya na Bangalore da aka ƙera a Indiya a 1912 don fasa shingen waya, da kuma aikatau mai nufin rusa wani shiri ko yarjejeniya da bugu ɗaya. Faransanci ma ya bi wannan hanya da torpille da torpiller, saboda haka matsalar da ake magana a kanta ta shafi masu fassara na Yamai da Maraɗi kamar yadda ta shafi na Abuja.

3.0 Hanyoyi Uku na Fassara Sunan Makamin

Hausa tana da hanyoyi uku da ta saba bi wajen raɗa wa makamai suna. Akwai aro, kamar bam da gurneti da roka. Akwai bayani, kamar makami mai linzami da makamin ƙare dangi. Akwai kuma faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma, kamar nakiya, wadda asalinta abincin shinkafa da zuma ce. Za a auna kalmar da kowace.

3.1 Aro

Idan aka ari kalmar, tsarin sautin Hausa zai mayar da /p/ zuwa /f/, a sami wani abu kamar "tofido". Larabcin zamani ya bi wannan hanya, ya ce ɗurbid. Fa'idarta gajarta ce, da kuma rashin karo da wata kalma. Illarta ita ce ba ta gaya wa mai sauraro kome. Bam ya zauna a bakin Bahaushe ne domin yana jin labarinsa kullum. Makamin teku kuwa jefi-jefi yake shigowa labarai, don haka aron zai daɗe yana baƙo.

3.2 Bayani

Abin da ya fi saurin zuwa bakin alƙalami shi ne "makami mai linzami na ƙarƙashin ruwa". Wannan yana da aibi biyu ban da tsawo. Na farko, linzami yana nuna ana sarrafa makamin bayan an sake shi, alhali waɗanda suka nutsar da Falaba da Apapa miƙe suke tafiya, ba mai juya su. Na biyu, jimlar tana iya nufin makamin da jirgin ƙarƙashin teku ke harbawa ya keta iska, wanda shi kuwa wani abu ne daban. Idan kuma aka ce "nakiyar ruwa", an dace idan rubutun da ake fassarawa yana magana a kan 1864, an kuskure idan yana magana a kan 1915. A nan ne raunin jerin kalmomi ya fito fili, domin jeri ba ya ɗauke da shekara.

3.3 Faɗaɗa Ma'ana

Bahaushe yana da nasa kifin mai sagar da hannu, wato minjirya, wadda Bargery (1934) ya kawo cikin ƙamusunsa. Tana cikin Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi da kogin Nilu, kuma ƙarfin lantarkinta yakan kai kimanin bolt 350. Masunta sun san ta tun kafin a san waya da ƙwan fitila. Larabawa suna kiran irin wannan kifi ra'ad, daga tushen da ya ba Hausa kalmar "aradu". Daɗin daɗawa, jirgin yaƙin da rundunar sojan ruwa ta Nijeriya ta karɓa daga Jamus, ta kuma ƙaddamar da shi a 1982, an raɗa masa suna Aradu, kuma cikin makaman da aka ƙera shi da su har da bututan harba torpedo. Ashe kalmomin biyu sun taɓa haɗuwa a bayan jirgi ɗaya.

Saboda haka maƙalar nan tana ganin "minjirya" ta fi cancanta da zama sunan makamin. Gajera ce, tana da jinsi da jam'i bisa ƙa'idar harshe, kuma ta bi sawun da Latin da Ingilishi suka bi: abu ne na cikin ruwa, ba a ganin zuwansa, bugunsa ɗaya ne. Akwai abin da za a iya cewa game da wannan shawara. Minjirya dangin tarwaɗa ce ta ruwan daɗi, shi kuwa kifin Rumawa na ruwan gishiri ne, don haka a littafin kimiyya dole a bambanta, a ce masa "minjiryar teku". Bugu da ƙari, yaron da ya tashi a Garki ko Wuse mai yiwuwa bai taɓa jin sunan ba. Amma wannan hujja ce ta a raka kalmar da ɗan bayani a farkon amfani da ita, kamar "minjirya, wato makamin nan mai ninƙaya ya fasa jirgi". Nakiya ma da ta shiga fagen yaƙi ba ta bar faranti ba, kuma ba wanda yake ruɗewa tsakanin su biyun. Karɓuwa dai tana hannun masu harshe.

4.0 Kalmar a Harshen Siyasa

A Abuja an fi cin karo da kalmar a matsayin aikatau, kuma a nan ne kuskure yake da tsada. Ranar 16 ga Mayu 2006 Majalisar Dattawa, ƙarƙashin shugabancin Ken Nnamani, ta ƙi amincewa da ƙudurin gyaran Tsarin Mulki wanda ya ƙunshi batun tazarce. A ƙaddara wata jarida ta taƙaita labarin da wannan ƙirƙirarriyar jimla:

1. The Senate torpedoed the bill.

Ga wasu hanyoyin da mai fassara zai iya bi:

2. Majalisar Dattawa ta harba wa ƙudurin makami.
3. Majalisar Dattawa ta yi wa ƙudurin zagon ƙasa.
4. Majalisar Dattawa ta yi wa ƙudurin ƙafar ungulu.
5. Majalisar Dattawa ta yi fatali da ƙudurin.
6. Majalisar Dattawa ta kifar da ƙudurin.

Jimla ta 2 fassarar baƙi-da-baƙi ce, ba ta da ma'ana a kunnen Bahaushe, kuma ambaton makami a labarin majalisa yana iya tayar da hankali. Jimla ta 3 ita ce mafi haɗari, domin ta yi kama da daidai. Zago gara ce mai cin gini ta ƙarƙashi, a ɓoye, a hankali, kuma duk wanda aka ce ya yi zagon ƙasa an riga an kira shi maci amana. Abin da ya faru a 2006 kuwa a bainar jama'a aka yi shi, ana nuna muhawarar a talabijin. Mai fassarar da ya zaɓi jimla ta 3 ya yanke wa majalisa hukuncin da jimlar asali ba ta yanke ba. Jimla ta 4 ma tana da ɓangaranci, domin tana nuna an ɓata wani abin kirki da mai shi ya sa rai a kansa. Jimla ta 5 ta kawo sauri da bayyana, sai dai abin da aka yi fatali da shi ana iya tsinto shi. Jimla ta 6 ce ta fi kusa, domin kifewa aikin kwale-kwale ne, tana riƙe da hoton ruwa, da bugu ɗaya, da ƙarshen tafiya, ba tare da zargi ko yabo ba.

Wannan ba ya nufin a jera "kifar da" a ƙamus a matsayin fassara tilo. Idan labarin ya nuna wani ne daga cikin masu sulhu ya tona asirin tattaunawa a ɓoye don ta lalace, to zagon ƙasa ya dace ƙwarai, domin a nan lafewar kifin ce ta fito. Kalmar tana ɗauke da abu uku, ɓoyuwa da gaggawa da rusawa baki ɗaya, kuma muhallin magana ne yake nuna wanda ya rinjaya.

5.0 Kammalawa

An bi kalmar torpedo daga sagewar gaɓa zuwa kifi, daga kifi zuwa nakiyar da ke jira, daga nan zuwa makami mai tafiya, har zuwa zauren majalisa. An ga cewa kowane zango yana bukatar tasa fassarar: minjiryar teku ga kifin, nakiyar ruwa ga rubutun da ya gabaci 1866, minjirya ga makamin zamani, sannan kifar da ko zagon ƙasa ga harshen siyasa, gwargwadon muhalli. Aikin da magabata suka yi a Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, da ƙamus na kalmomin majalisa na 1991, harsashi ne mai kyau. Abin da ya rage ga hukumar NERDC da sassan Hausa na jami'o'i shi ne duk lokacin da za a sake buga irin waɗannan ayyuka, a raka kalma mai rassa da taƙaitaccen tarihinta da jimlolin misali, domin ma'aikacin ɗakin labarai da ke da minti goma kafin a buɗe makirfo ya san wace ma'ana ce a gabansa.