Gadon Asibiti Ma Malami Ne

Duk wanda ya taɓa jinya a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Shika ya san ayarin masu fararen riguna da ke bin gadaje ɗaya bayan ɗaya da safe. Can baya-baya za ka hangi ɗalibin harhaɗa magunguna riƙe da ɗan littafinsa. Shi nake so a kalla da kyau, domin abin da yake koya a tsayen nan yana burge ni ƙwarai.

A aji ya haddace cewa allurar jentamisin ta ƙoda take fita daga jiki. Ya rubuta a jarrabawa, ya ci. To, yau ga dattijo kwance, gwajin jini ya nuna ƙodarsa ta yi rauni, kuma ga allurar an rubuta masa. Malamin da ke lura da ɗalibin ba ya ba shi amsa a baki, sai dai ya ce, "Me ka gani? Gobe ka zo mini da hujja."

Daren nan babu mai ce masa ya yi karatu. Da kansa zai buɗe littafin magunguna na BNF, ya haɗa shekarun dattijon da nauyinsa da adadin kiratinin ɗin jininsa, ya auna ƙarfin ƙodar da lissafin Cockcroft da Gault na 1976, ya duba ko rage allurar ya kamata ko tsawaita tazararta. Idan littattafai biyu suka saɓa, sai ya nemi na uku. Wanda ya kwana kan shafi saboda fuskar wani bawan Allah tana yi masa gizo, da wuya ya manta abin da ya karanta.

Sai kuma iya tambaya, wadda ita ce ƙashin bayan sana'ar. "Baba, ban da waɗannan, me kuke sha a gida?" A nan ne jiƙo da sassaƙe da maganin olsa na kemis ke fitowa fili. Maganin olsa mai alminiyam ko magnisiyam yana hana siprofloksasin shiga jini sosai idan an haɗa su. Rifamfisin na tarin fuka yana rage ƙarfin ƙwayar tsarin iyali. Mai ciwon suga kuma zai tambayi yadda zai sha maganinsa da azumi. Kowace amsa sabon karatu take buɗewa, wanda ba malamin da ya tsara.

Digirin harhaɗa magunguna na PharmD shekara 6 ne, saɓanin 5 na tsohon tsari, kuma yawancin ƙarin na gefen gado ne. Ina ganin shekarar nan ta biya kuɗinta.

Roƙona ga manyan masu harhaɗa magunguna da ke karɓar ɗalibai: kada ku ajiye su a bayan taga suna ƙirga ƙwaya. Ku miƙa musu fayil ɗin majinyaci, ku ba su kwana ɗaya su nemo amsa, sannan ku zauna ku saurare su.