Jakadun alheri: su wa ke magana, su wa ake ɗauka a hoto?

Tun 1954 hukumar UNICEF ta fara wannan al'ada, lokacin da ta naɗa ɗan wasan barkwancin Amurka Danny Kaye jakadanta. Daga nan kowace hukuma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi nata tauraron. UNDP ta ɗauki Ronaldo na Brazil da Zidane, suka fara wasan ƙwallo na yaƙi da talauci a 2003, daga baya Drogba ya shiga sahu. Duk mai zuwa gidan kallon ƙwallo a unguwar nan ya san fuskokinsu.

Dabarar ba ta da wuyar ganewa. Idan jami'in hukuma ya yi magana kan yunwa, ba mai juyowa. Idan Zidane ya yi, duniya za ta saurara. Wannan kam gaskiya ce, kuma kuɗi na shigowa. Bikin kiɗan Live Aid na 1985 ya tara maƙudan kuɗi saboda yunwar Habasha.

Amma fa a duba hoton da kyau. Tauraro ne a tsakiya, yaro a cinyarsa, uwar yaron a gefe ba ta ce uffan ba. Ba a tambaye ta me ya kashe gonarta ba, ko nawa ake sayar da mudun hatsi a kasuwarsu. A 2005, da Bob Geldof ya shirya Live 8 don Afirka, sai da aka yi ta surutu cewa babban dandalin Landan kusan babu mawaƙan Afirka a kansa. Can aka haɗa musu nasu taron daban a Cornwall. Biki naka, amma kai ne a bakin ƙofa!

To a waccan shekarar ce kuma ƙasashen Paris Club suka yafe wa Najeriya bashin dala biliyan 18, mu kuma muka biya kimanin biliyan 12. Hayaniyar mawaƙa ta taimaka wajen matsa wa shugabannin Turai, ban musa ba. Sai dai aikin kansa a teburin ciniki aka yi shi, Ngozi Okonjo-Iweala da ma'aikatanta suna ta lissafi wata da watanni, ba kiɗa ba kyamara.

Ni dai jakadan da ya fi kwanta mini a rai shi ne Nwankwo Kanu. A 1996 likitoci suka gano ciwo a zuciyarsa, aka yi masa aiki a Amurka. Da ya warke, a 2000 ya kafa gidauniyar da ke biya wa yaran talakawa kuɗin aikin zuciya, tun kafin UNICEF ta ba shi muƙami. Shi ya san ɗakin tiyata da jikinsa, kuma iyayen yaran sun san inda za su same shi.