Doki nawa nozul zai iya shayarwa?

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin mai, masu mota a Sakkwato suka fara lura da abin da a da ba sa ko kallo. Mota na ƙara shan mai sai a nufi Buzaye ko wani gareji a ce wa bakanike, "Maigida, duba min nozul." Da yawa za su kwance su wanke su mayar. Kaɗan ne za su ɗauki nozul su juya shi, su duba lambar jikinsa, su ce maka wannan ba na injin nan ba ne, ba zai iya ciyar da shi ba. Waɗannan kaɗan ɗin su nake jinjina wa.

A zamanin Peugeot 504 da kafireta, kunne da sukuddireba sun isa. Yanzu nozul ne ke fesa mai, birenbos kuma ke ba shi umarnin buɗewa da rufewa sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Kowane nozul yana da iyakar abin da zai iya fesawa a minti ɗaya, ana auna shi da cc, irin ma'aunin da ke jikin sirinji.

Lissafin gwani daga cikin injin yake farawa. Ana auna ƙarfin inji da doki, shi kuwa doki sai ya sha yake gudu. A injin fetur marar tabo (turbo), idan an take totur har ƙasa, kowane doki yana buƙatar kimanin cc 5 a minti. Inji mai doki 150 ke nan yana neman cc 750. Fistin huɗu, nozul huɗu, kowanne cc 188 ya hau kansa. Ɗan koyo nan zai tsaya ya tafi kasuwa neman mai 190. Gwani ba ya tsayawa, don ya san ba a barin nozul a buɗe ko da yaushe. Zai yi zafi, feshinsa ya rikice. Ana barinsa ya yi aiki kashi 80 cikin 100 na lokaci kawai. Da wannan rarar lissafin ya tashi zuwa wajen 235, sai a nemi mai 240. Wasu ma sun taƙaita hanyar: raba cc da 6.5, ka sami dokin da nozul ɗaya zai ɗauka. Idan injin mai tabo ne, wanda ya fi shan mai, sai a raba da 8.

Amma lambar da kamfani ya bayar ta sabon nozul ce, kuma galibi a matsin mai na bar 3 (ma'aunin matsi) aka auna ta. Motar da ta shigo daga Kwatano ta sha shekaru a Turai, ta zo ta sha ƙurar hunturu da man 'yan bumburutu, wace lamba ta rage mata? Shi ya sa za ka ga gwani ya jera ƙananan kwalabe huɗu, ya sa kowane nozul ya fesa cikin tasa na rabin minti, ya ɗaga su sama yana daidaita ido. Uku sun yi kai ɗaya, ta huɗu ta gaza da faɗin yatsa. Yana kuma kallon feshin kansa: ya watsu lumui, ko tsiyaya yake yi? Daga nan ya ciro fulogi. Baki ƙirin, mai ya yi yawa. Fari fat, mai ya gaza, kuma wannan ne mai kashe inji, don fistin da aka hana wa mai zafi yake yi har ya narke. Ka ɗora wannan kan zafin Afrilu da ke haura 40, da motar Sharon cike da fasinja da kaya a hanyar Illela.

Akwai masu ganin ƙara matsin famfon mai zai rufe giɓin. Yana taimakawa, amma ba yadda suke zato ba: daga bar 3 zuwa bar 4, feshi kashi 15 kacal yake ƙaruwa, famfon kuwa ya sha wuya.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda gwanin ke hana mai mota abin da ya zo nema da kuɗinsa. Saurayi zai ce a sa masa manyan nozul motarsa ta ƙara gudu. Ai mai shi kaɗai ba ya haifar da doki, sai da iska daidai gwargwado, wajen kashi 14.7 na iska kan kashi 1 na fetur bisa nauyi. Birenbos kuma da girman nozul na asali aka saita shi. A sa masa babba bai sani ba, sai salansa ta yi ta baƙin hayaƙi, man ya wanke ringi ya gangara cikin baƙin mai, lita kuma a farashin yau.