Dutsen Kirinyaga a bangon falo

A falon wata maƙwabciyarmu 'yar Kenya, nan Birmingham, akwai zanen Dutsen Kenya da ta sayo a kasuwar 'yan yawon buɗe ido a Nairobi. Rana na faɗuwa ja wur, ƙanƙara fara fat a ƙololuwa, raƙuman dawa biyu a gindin wata itaciyar ƙaya. Mai zanen ya iya haɗa launi, ba ƙarya. Amma duk sanda na zauna ina kallonsa sai in ji wani abu bai cika ba. Sai daga baya na gane: babu mutum ko ɗaya a ciki.

Su Kikuyu Kirinyaga suke kiran dutsen, kuma a al'adarsu ta gargajiya can ne mazaunin Ngai, mahalicci. Dattawa kan juya fuska gare shi, hannuwa a sama, idan za su roƙi ruwan sama. Ƙofar ɗaki ma wajensa ake juya ta. A labarin asalinsu, daga kan dutsen Ngai ya nuna wa Gikuyu ƙasar, ya tura shi Mukurwe wa Nyagathanga, inda ya sami Mumbi, kuma 'ya'yansu mata tara su ne tushen zuri'o'in Kikuyu. Littafin Jomo Kenyatta na 1938, Facing Mount Kenya, sunansa kaɗai ya faɗi maganar: fuskantar dutsen ake yi. Mu da muka taso da alƙibla ba sai an yi mana dogon bayani ba.

To a nan zanen kasuwa ya yi tuntuɓe. Ya ari idon baƙo. Krapf ya hango dutsen daga nesa a 1849, Mackinder ya hau ƙololuwarsa mai tsawon mita 5,199 a 1899. Ɗaya ya hanga, ɗaya ya taka. Mai zanen ya bi sahun na farko, ya share gonaki da ƙauyuka domin dutsen ya fito tsaf ga mai saye.

A gwada shi da aikin Elimo Njau, wanda ya yi karatu a Makerere. A 1959 ya zana hotuna biyar na rayuwar Almasihu a bangon cocin tunawa da shahidai a Murang'a, lokacin da raunin yaƙin Mau Mau bai warke ba. Ya sa labarin cikin tuddan Kikuyu, da bukkokinsu da fuskokin mutanensu. Ko ba addininka ba ne, za ka ga ƙasar tana da masu ita. Abin da nake nema ke nan ga duk mai zana Kirinyaga: ya nuna mini mai noma a gindinsa, ko ƙofar da ke kallonsa, ko itacen mugumo da ake yanka a ƙarƙashinsa.

Ga kuma wata gaskiya mai ɗaci. Ƙanƙarar dutsen tana narkewa, ta Lewis ma saura kaɗan, amma masu zanen kasuwa na ta zuba farin fenti kamar ba abin da ya faru.

Ban faɗa wa maƙwabciyata wannan ba, domin kewar gida ce ta sa ta rataya shi. Ni ma ina da hoton Dutsen Dala a ɗakina, ba gida ko ɗaya a gindinsa. Ranar nan ɗana ya tambaye ni ko akwai mutane a wurin.