Sugar: Fim Ɗin Da Ya Hana Mu Kofi

Besbol ba wasanmu ba ne, amma fim ɗin "Sugar" na 2008, wanda Anna Boden da Ryan Fleck suka shirya, ya tsaya mini a rai. Na san irin yaron da ke cikinsa. Na sha ganin ƙannensa a filayen ƙwallon ƙafa na Maraɗi, suna jiran mai kai su Turai.

Miguel Santos, da ake wa laƙabi da Sugar, mai jifan ƙwallo ne daga San Pedro de Macorís a Jamhuriyar Dominika, ƙasar da duka ƙungiyoyi 30 na babbar gasar Amurka suke da makarantun renon ƴan wasa, suna ɗaukar yara tun suna shekara 16. Kafin mutum ya taka babbar gasa sai ya hau ƙananan rukunai bene-bene, kuma mafi yawa a matakala suke ƙarewa. An tura Miguel wani ƙaramin gari a jihar Ayowa, cikin gonakin masara, aka sauke shi gidan wasu tsofaffin Turawa masu kirki waɗanda ba ya jin maganarsu.

A nan fim ɗin ya fi ƙarfi. Kullum Miguel burodi soyayye da ƙwai yake saye a gidan abinci, don sunansa kaɗai ya iya faɗa, har ranar da mai kawo abincin ta jero masa ƙwai kala-kala tana koya masa sunayensu. Ba kuka, ba dogon jawabi, amma duk wanda ya taɓa cin rani a inda ba ya jin yare zai ji abin a ƙirjinsa. Algenis Perez Soto, wanda bai taɓa fitowa a fim ba kafin wannan, da ido yake yin rabin aikin. Sai aka sallami amininsa Jorge, shi kuma ya ji rauni a ƙafa, jifansa ya lalace, ga wani sabon yaro daga gida ya zo yana haskawa. Babu mugu a labarin. Tsarin ne kawai ba ya jiran kowa.

Na zaci zai warke ya ɗau kofi, kamar yadda aka saba mana. Ina! Tun kafin a kore shi ya sulale ya hau mota zuwa Niyok. Wasu za su ce ya gudu; ni ina ganin ran nan ne ya fara yanke wa kansa shawara.

Sai dai ina da ƙorafi. Zaman Niyok ya yi laushi da yawa. Yaron da ya bar ƙungiyar da ta kawo shi, takardunsa na zama sun shiga rigima ke nan, amma fim ɗin ya taɓa batun sama-sama. Nan da nan ga aiki a gidan abinci, ga dattijon kafinta ya riƙe shi kamar ɗa. Waɗanda na san sun maƙale a waje ba haka suke ba da labari ba.

Ƙarshen ne ya wanke laifin. A wani filin unguwa, tsofaffin ƴan wasa na gaske suna fuskantar kyamara, kowa na faɗin sunansa da ƙungiyar da ta taɓa ɗaukarsa. Miguel ya yi jifansa, ya koma benci ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya shiga tafi tare da sauran.